Raina Kama

Na taso daga aiki, Sheffield na ta yayyafi,
na tarar da littafin Tasi'u a kan teburin kicin,
ga kofin shayi ya huce, ga tabaraunsa
da muka ɗaure wa ƙafa da salatif tun watan jiya.

Na buɗe.
Wani ƙato ya zana, ƙirji kamar ƙofar gareji,
ya ɗaga motar bas da hannu guda,
jan mayafi na kaɗawa a bayansa bisa rufin gidaje.
Tsawa, haka ya raɗa masa da jan biro.
Shafi na gaba kuwa, ga Tsawan nan dai
ya ƙanƙance cikin rigar sanyi mai ɓallallen maɓalli,
yana jera littattafai a laburaren unguwa,
wata mata na zazzaga masa faɗa, shi yana i'ina.

Da safe na ce, kai Tasi'u,
mutumin da ke cilla bas kamar ƙwallon goriba,
me ya haɗa shi da tabarau da sunkuyar da kai?
In ni ne, ko burodi zan saya sai na shiga ta taga.

Ya ci gaba da shafa bota.
Kalma kan maƙale wa yaron nan kamar ƙayar kifi.
Can ya ce, Baba, wa-wanda ake tsoro ba ya jin labari.
Da ya shigo, kowa ya gyara zama.
Mai tabarau kuwa, a gabansa ake gulma,
a gabansa ake shirya wanda za a tare bayan makaranta,
don an ɗauka kujera ce.

Na ce, wa ake tarewa bayan makaranta?
Ya ce, a littafin nake nufi.
Na dubi salatif ɗin.

Ya goge wuƙar, ya ce, kuma fa
masu ƙirji ba sa zaman zane, suna filin ƙwallo.
Irina ne ke riƙe da biro.
In zan ba wani ƙarfin nan duka,
ai sai in ba wanda ya san ɗanɗanon ƙasa a baki.

Ranar nan na ja lamba hamsin da biyu
daga Crookes na gangara har Darnall,
maganar na bina tasha-tasha.
Shekara tara ina koyar da lissafi a Zariya,
yau ga wani ya taɓa katinsa bai dubi fuskata ba.
Giwa a garin wani zomo ce.
Na shafa ƙirjina ta ƙarƙashin rigar kamfani,
har na fara jin daɗi,
na ce lallai ni yaron nan ya zana.

Da dare na sake buɗewa, neman shaida.
Na duba Tsawa, babu sanƙona, babu wushiryata.
Sai na duba motar da ya ɗaga sama:
hamsin da biyu.
A tagar gaba ga wani ɗan mitsitsin direba,
hula a karkace, baki buɗe,
hannu biyu a kan sitiyarin da ba ya taka komai.
Ƙarƙashin motar, gada ce ta karye.

Na daɗe a tsaye da rigar aiki.
Sama, ina jin tarinsa, da ƙarar biro kan takarda.

Ran Litinin zan je makarantar, na riga na nemi hutu.
Sabon tabarau kuma ya iso tun Laraba,
yana cikin kwalinsa a kan firji.
Ya ce in bari tukuna,
bai gama shafi na goma sha bakwai ba,
kuma da tsohon ya fi ganin Tsawa sosai.